Kumburin da Aka Gani Daf da Hawa, Tun a Gindin Goɗiya Ya Faro

Saura kwana huɗu ƙaramar Sallah wani maƙwabcina a Tudun Wada ya aiko yaro ya kira ni bargarsa. Ya sayi wani bikili ɗan shekara uku, dogo, mai jinin dawakin waje, tun farkon azumi kuma ake kilisa da shi kowace yamma don ya saba kafin hawa. Da safiyar nan aka tarar gaɓar ƙafarsa ta baya, wadda agara ke sauka a kanta, ta cika ta yi luhu-luhu kamar salka. Na taɓa, ba zafi. Na danna gefe guda, ruwan ya gudu ɗaya gefen. Aka kwance shi daga turke aka ja shi, ya taka lafiya lau, ko alamar ɗingishi babu.

Maigidan ya riga ya yanke hukuncinsa: yaron barga ne ya sukwane masa doki a kan kwalta. Yaron na tsugune a gefe, ido ya raina fata. Sai dattijon da ke duba dawakin gidan, wanda ya yi furfura a cikin harawa da dusa, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a bar yaron nan. Na sha ganin irin wannan. Da abinsa ya zo."

Bayan Sallah aka ɗauki hoton ƙashi, aka ga wani ɗan ɓalli bai fi ƙwayar gyaɗa ba, zaune a bakin ƙashin cikin gaɓar, alamar cutar da likitoci ke kira ostiyokondurosis. Dattijon bai taɓa shiga aji ba, amma maganarsa ita ce abin da masana suka shafe shekaru suna yanka da aunawa kafin su tabbatar. Ɓallin nan ba ranar kilisa aka haife shi ba. Asalinsa na can baya, lokacin da dokin ke duƙushi yana bin uwarsa, a wani gari da Alhaji bai taɓa takawa ba.

Sai mun koma kan yadda ƙashi ke ginuwa kafin maganar ta zauna. Ƙasusuwan ƙafa ba ƙashi ne ake fara halittarsu ba. Guringuntsi ne tukuna, irin farin nan mai garas-garas da yara ke rububi a kan ƙashin kaza, sannan sannu a hankali ƙashi ya riƙa cinye shi daga ciki yana maye gurbinsa. Goɗiya na ɗaukar ciki kimanin wata 11, kuma ɗanta kan miƙe cikin awa guda ko biyu da faɗowa, tsayinsa ya riga ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na tsayin da zai yi in ya girma. Amma kawunan ƙasusuwansa, wato inda biyu ke haɗuwa su yi gaɓa, ba su gama zama ƙashi ba. Akwai guringuntsi mai kauri lulluɓe da su, hawa biyu. Na sama, siriri mai santsi, shi ne zai zauna har tsufa, ƙashi na gogar ƙashi a kansa. Na ƙasa kuwa na wucin gadi ne, guringuntsin girma, aikinsa ya yi ta ƙaruwa ƙashi na biye da shi yana cinyewa, har ya ƙare.

Guringuntsin babban doki ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Ruwan gaɓa, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, shi ke ciyar da shi: in dokin ya taka, a matse, in ya ɗaga, ya tsotsa. Wannan dabara tana isar guringuntsi siriri. Na duƙushi ya fi ƙarfinta, don ya yi kauri, abincin da ke ratsowa daga ruwan gaɓa ba ya kai wa ƙwayoyin da ke can tsakiya. Saboda haka aka hore masa wasu 'yan ƙananan hanyoyi da suka huda cikinsa, kowace ɗauke da jijiyar da ke kai jini da waɗanda ke komo da shi.

Duk wanda ya san cikin birnin Zazzau ya san lungun da ba ya ɓullewa. Ka shiga, ka wuce gida biyar ko shida, sai ka ci karo da katanga, dole ta inda ka shigo za ka fita. Haka waɗannan hanyoyin jini suke. Kowace ta shiga ita kaɗai, ta ciyar da yankinta, ta tsaya. Ba ta haɗuwa da maƙwabciyarta. A yawancin sassan jiki in jijiya ɗaya ta toshe akwai wata da za ta kewayo ta kawo agaji. A nan babu. In bakin lungu ya rufe, duk gidajen ciki sun shiga uku.

Ga inda abin ya fi ba ni mamaki, kuma nan ne cibiyar maganar. Da farko jijiyoyin na samun jininsu daga fatar da ke kewaye da guringuntsin, ta gefe suke shigowa. To ƙashi na ta matsowa daga ciki, kamar yadda gine-gine ke cinye gonakin bakin gari. Wata rana sai ya iso tsakiyar jijiyar ya binne ta. Ƙarshenta kuwa, wanda ke can gaba cikin guringuntsi, yana nan da rai, yana neman jini. Sai jiki ya yi masa sabon haɗi da jijiyoyin cikin ƙashi. Kwatanta mai lambu a fadamar Galma da ke jan ruwa ta doguwar hanya, aka zo aka yi gini a tsakiyarta, sai ya yanko ruwa daga wani sabon bututu ya ƙulla. Kowa ya san mahaɗin nan shi ne wurin yoyo. Sabon haɗin jijiyar yana ratsa daidai kan iyaka, inda tauri ya gamu da taushi, inda ake rushe guringuntsi ana aza ƙashi, wurin da bai da ƙwari. Nauyin duƙushi na sauka a kansa duk takun da ya yi. In haɗin ya tsinke, yankin guringuntsin da ke dogare da shi sai ya mutu don rashin jini.

A wannan mataki ba wanda zai gani. Guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi, duƙushin na ta tsalle-tsallensa, hoton ƙashi ma ba ya nuna komai. Masana na ce wa wannan "ɓoyayyen mataki". Can sai ƙashin da ke matsowa ya iso wurin da ya mutu, ya kasa cinye shi, don mataccen guringuntsi ba ya zama ƙashi yadda ya kamata. Sai ya kewaye shi ya wuce, ya bar gurbi, kamar magini ya tsallake rami a tsakiyar daɓe. Yanzu hoto na iya nuna gibi a bakin ƙashin, shi ne bayyanannen mataki. Daga nan hanya ta rabu uku. Ko jiki ya aiko da sababbin jijiyoyi su share mataccen su cike gurbin, a warke ba wanda ya sani. Ko santsin saman, wanda ba abin da ke tallafe da shi a ƙasa, ya tsage, ruwan gaɓa ya samu ƙofa, yanki ya ɗago ko ya ɓalle. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko kuma, a wuraren da nauyi ke sauka kai tsaye, gurbin ya lotsa ciki ya zama kogo a cikin ƙashi.

Sunan cutar a bakin likitoci ostiyokondurosis, wanda ya kai ga ɓallewa kuma suna taƙaita shi da OCD. Wani likitan tiyata Bajamushe, Franz König, shi ya raɗa sunan ɓallewar a ƙarshen shekarun 1880, a kan mutane, don yara da matasa ma na samunta, galibi a gwiwa. An fara ba da rahotonta a doki a ƙasar Suwidin a 1947. Aladu na yi, manyan karnuka na yi. Masu kiwon kajin gidan gona a Samaru da Shika sun san wata 'yar uwarta, kazar da nama ya rigayi ƙafa har ta kasa tashi, ko da yake ba hanya ɗaya suka biyo ba. A 1986 ne aka tattara wannan cuta da kumburin mahaɗin girma (wurin da ƙashi ke ƙara tsawo) da karkacewar ƙafa da dangoginsu ƙarƙashin suna guda a Amurka, wato cututtukan ƙashi na lokacin tasowa. Tattarawar ta taimaka wajen magana, amma ta sa mutane na ɗauka duk abu ɗaya ne, alhali ba haka ba.

An daɗe ana gardama kan me ke fara lalacewa. Wasu suka ce guringuntsin ne tun asali bai ginu daidai ba. Maganar jini ta fara ƙarfi ne daga aladu, sannan a 1995 Cathy Carlson da abokan aikinta a Amurka suka duba gaɓoɓin ƙananan dawaki, suka ga mataccen guringuntsi kewaye da matattun hanyoyin jini. Mai gardama zai iya cewa ai ganin gawa biyu a wuri ɗaya bai nuna wa ya fara mutuwa ba. Amsar ta fito daga makarantar likitan dabbobi ta Oslo a ƙasar Norwe, inda Kristin Olstad da abokan aikinta suka fara da ɗura wani sinadari mai fitowa a hoto cikin jijiyoyin duƙusai, suka bi taswirar hanyoyin mako bayan mako. Sannan a aikin da suka wallafa a 2013 suka ɗauki 'ya'yan ƙananan dawakin ƙasar Norwe da ake kira Fiyod guda 10, irin da ba a san shi da wannan cuta ba, suna da kimanin mako biyu, suka yanke jijiyoyi da gangan a gwiwar baya. Guringuntsin da ke gaban yankan ya mutu, ƙashi ya kasa cinye shi, a ɗaya daga cikinsu har ya tsage. Ga ni, daga nan gardamar wa ya fara ta ƙare. Wadda ta saura ita ce me ke tsinka jijiyar a duƙushin da ba wanda ya sa masa wuƙa.

Kafin wannan, akwai maganar lokaci, wadda mai saye ya fi buƙata. Hanyoyin jinin nan ba sa daɗewa. Yayin da guringuntsi ke sirancewa, su ma sai su shafe, kowace gaɓa da nata wa'adin. Na gaɓar da ke saman kofato ne ke fara tafiya cikin makonnin farko, na gaɓar agara su biyo cikin wata biyu zuwa uku, na gwiwar baya, wadda ke can sama kusa da kwiɓi, su fi daɗewa don nan guringuntsi ya fi kauri. Kafin wata bakwai duk sun tafi. Jijiyar da babu ita ba ta tsinkewa, don haka cutar ba ta farawa a babban doki. Bayyana kawai take yi.

A Holan an bi wasu duƙusai 43 ana ɗaukar hotonsu kowane wata, daga wata ɗaya har wata 11, aka wallafa sakamakon a 1999. Abin da aka gani ya sauya tunanin mutane da yawa. Gibi na fitowa, gibi na ɓacewa. Da yawa daga cikin waɗanda aka gani da matsala a gaɓar agara suna wata ɗaya sun warke da kansu. Amma abin da ya wuce wata biyar a gaɓar agara, ko wata takwas a gwiwar baya, galibi ya zauna ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ashe jiki ma da wannan ƙa'idar yake aiki.

Yanzu a dubi yadda muke samun doki a Zariya. Akasarin abin da ke ɗaure a bargunanmu ingarmu ne, sayo su aka yi da girmansu. Dillali ya kawo daga Maigatari ko Mai'aduwa, wasu sun ratso daga Nijar ko Chadi, wasu 'yan Sudan, masu ƙwallon doki kuma har daga Ajantina. Mai saye na duba haƙori, ya duba kofato, ya sa a sukwane a gabansa, ya duba kalar gashi da fararen ƙafafu. Duk daidai ne. Sai dai watanni takwas da suka yanke wa gaɓoɓin dokin hukunci sun wuce shekara biyu ko uku kafin ya iso hannunsa. Ɓallin na iya kwanciya shiru muddin dokin na tsaye a turke. Ranar da aka ɗora sirdi aka fara aiki na gaske, sai ya motsa, gaɓa ta fusata ta tara ruwa. Shi ya sa abin ke yawan fitowa daf da Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ko farkon horon ƙwallo, kuma shi ya sa laifin ke faɗawa kan wanda ya hau na ƙarshe. Wani ma ya ce baki ne, an yaba dokin ba a ce tubarkalla ba.

To me ke tsinka jijiyar? Ba abu ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya ce maka ga dalili guda, yana da abin sayarwa.

Gado na ciki. Cutar ta fi yawa a manyan dawakin Turai na wasanni da na tsere, ta yi ƙaranci ƙwarai a kuru. Ba ƙwayar gado ɗaya ke ɗauke da ita ba, da yawa ne, kuma ƙarfin gadon ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa. Ƙungiyar masu kiwon dawakin Holan ta shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu tana ɗaukar hoton ingarmu kafin ta yarda a yi barbara da su, amma cutar ba ta kau ba, don ingarman da gibinsa ya warke yana ƙarami zai fito tsaf a hoto, ya kuma miƙa wa 'ya'yansa halin. Dawakinmu na Arewa ƙanana ne, a hankali suke girma, kuma ina ganin wannan garkuwa ce da ba mu san darajarta ba. Yanzu da ido ya buɗe kowa na son dogo mai faɗin ƙirji, ana ɗora manyan dawakin waje a kan goɗiyoyin gida, tsayin ba shi kaɗai yake zuwa ba.

Sai ciyarwa, inda nake da ƙorafi a kan mu kanmu. Bahaushe na auna darajar maigida da ƙibar dokinsa. Dokin da haƙarƙarinsa ya fito abin kunya ne, don haka a zuba gero, a zuba dawa, a ƙara dusa. Ga babban ingarma mai aiki wannan wata magana ce. Ga duƙushi kuwa, tura shi ake yi ya yi girman da gaɓoɓinsa ba su shirya ɗauka ba. A wani gwaji da aka wallafa a 1993 daga Ostireliya, an ba duƙusai abinci mai ƙarfin kashi 129 cikin 100 na abin da aka ƙayyade musu, kusan dukkansu suka fito da lalacewar guringuntsi. A gwajin da ya biyo, waɗanda aka ninka wa sinadarin fosfaras kusan sau huɗu su ma suka lalace, alhali ƙarin kalsiyam bai yi wannan ɓarnar ba.

Maganar fosfaras ta shafe mu kai tsaye, don dusa cike take da shi. A dusar alkama ya ninka kalsiyam kusan sau goma, alhali doki mai tasowa na son kalsiyam ya rinjaya, kamar ɗaya da rabi ko biyu a kan ɗaya. Abin da ke ceton dawakinmu, ba tare da mun lissafa ba, shi ne harawar wake da ta gyaɗa, masu yawan kalsiyam. In bazara ta yi nisa harawa ta yi tsada, sai a rage ta a cike da dusa, ma'auni ya kife. Kanwa da muke jiƙa musu ba ta gyara wannan, gishiri ce iri dabam. In abin ya yi tsanani ma akwai wata cuta daban, wadda ƙasusuwan fuska ke kumbura doki ya yi ƙaton kai, Turawa tun da suna danganta ta da dawakin masu niƙa saboda dusar da suke ci. Kada a haɗa ta da wadda muke magana, amma kwano ɗaya ke kawo su.

An yi zamanin da aka ɗora komai a kan ƙarancin sinadarin tagulla, bayan wani bincike a gonakin Ohayo da Kentaki a tsakiyar shekarun 1980. Ayyukan da suka biyo baya sun rage wa maganar kaifi: tagulla ta fi taimakawa wajen gyaran gibin da ya riga ya faru. Abin lura shi ne nonon goɗiya ba shi da ita sosai, duƙushi na rayuwa ne da wadda ya tara a hantarsa a watannin ƙarshe na ciki. Ke nan uwar ake ciyarwa, ba ɗan ba.

Motsi ma haka, tsaka-tsaki yake so. Duƙushin da aka kulle a ɗaki kwana da kwanaki sannan aka sake shi rana ɗaya ya yi ta zabura, ya fi shiga haɗari a kan wanda ke yawo da uwarsa kullum. Daɓen siminti mai santsi, inda yake zamewa duk sanda zai tashi, shi ma abin zargi ne. Goɗiyar ƙauye da ke kiwo a talala ɗanta na zagaye ta ta fi wadda ke cikin ginin zamani dacewa a nan.

Akwai dalili ɗaya da nake ganin ya fi kowanne kusa da mu, kuma ba a cika kawo shi ba: ƙwayoyin cuta. Mahaifar goɗiya ba ta miƙa wa ɗa garkuwar jiki. Duƙushi na faɗowa ne ba shi da makami, sai abin da ya sha a dakashi, kuma hanjinsa na karɓar wannan garkuwa ne a sa'o'in farko kawai, ya fi kyau cikin awa 12, bayan awa 24 ƙofa ta rufe. Wanda bai sha isasshe ba, aka kuma bar cibiyarsa ɗanya a kan kashin barga, ƙwayoyin cuta na shiga jininsa. Ina za su fi son maƙalewa? A lungun da ba ya ɓullewa, inda jini ke tafiya a hankali. Masu binciken Norwe sun nuna ƙwayoyin cuta na toshe hanyoyin jinin guringuntsi su kashe shi kamar yadda tsinkewa ke yi, kuma dawakin da suka tsira daga irin wannan ciwo suna jarirai sun fi saura yawan ɓalli in sun girma. Duƙushin da ya yi zazzaɓi da kumburin gaɓa a makon farko, aka yi masa allura ya miƙe, kowa ya yi hamdala, mai yiwuwa ya tashi da tabon da sai ranar kilisa za a gani. Kuɗin aidin ko wani maganin wanke cibiya bai kai na damin harawa ɗaya ba. Har yanzu kuma akwai masu ƙyamar dakashi, a mutum da dabba, suna ganin ƙazanta ne a tatse a zubar.

In kumburi ya riga ya fito fa? Abu na farko, a bar sakiya. Ruwan da aka zuƙe zai dawo, don abin da ke jawo shi na nan ciki, kuma huda gaɓa da ƙarfen da ba a tsabtace ba na iya mai da ƙaramin abu ya zama ajalin doki. Lalas ma fata kawai yake ƙonawa. Allurar kashe kumburi na lafar da shi na ɗan lokaci, dillalan da ba su da tsoron Allah sun san haka sarai. Hoton ƙashi ne ke faɗin gaskiya, kuma a ɗauki ƙafa biyun, don cutar na yawan zuwa hagu da dama tare ko da ɗaya ce ta kumbura. Mu a Zariya ba mu da uzuri, tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na nan Samaru. Mutum ya zuba miliyoyi a doki, ya ƙi biyan kuɗin hoto kafin ya biya dillali, wannan cinikin biri a sama ne.

Maganin ɓallin da ke damun doki shi ne a cire shi. Yadda ake yi a inda akwai kayan aiki, a sa dokin barci, a huda ƙananan ƙofofi biyu, a zura kyamara ta ɗaya, a ciro ɓallin ta ɗaya. A gaɓar agara sakamakon na da kyau, yawancinsu na komawa aiki. A gwiwar baya ya danganta da faɗin wurin. A kafaɗa abin ya fi wuya, haka kogon cikin ƙashi. Ba a gaggawar yanka ɗan ƙasa da shekara in ba dole ba, tunda jiki na iya gyarawa. Ba kuma kowane ɓalli ne ke neman wuƙa ba. Dokin da aikinsa ya ɗauki ado ya yi taƙama daga filin idi zuwa ƙofar fada sau kaɗan a shekara ba ɗaya yake da na ƙwallo ba, wanda ke birki da juyi a guje. Na farkon na iya tsufa da ɓallinsa, in dai ana lura, don in ruwa ya daɗe yana taruwa ko ɗingishi ya shigo, gaɓar na iya lalacewa gaba ɗaya.

Bikilin Alhaji bai yi hawa ba a wannan Sallar, aka ɗora wa wani tsohon akawali kayan. Da hoton ya fito na kai masa har zaure, na nuna masa ɗan farin ɗigon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko a mayar wa dillali. Na ce dillalin ma da wuya in ya sani. Dattijon na zaune a bakin ƙofa yana gyaran ragama, bai ko ɗago ba ya ce, "Alhaji, goɗiyar nan taka ta gona saura wata biyu ta haihu. Ita ya kamata a je a gani."